Agogon Malam Rabe Na Uku

Ku da kuka san Malam Rabe Ƙarhe-Nawa, kun san ba a gaisawa da shi sai an gama da agogo. Ka miƙa masa hannu, shi kuma ya cafke tsintsiyar hannunka ya juya, ya sunkuya ya duba, ya ja tsaki, sannan ya ce, "To, ina kwana." In kuwa ba ka da agogo, gaisuwarku a tsaye za ta ƙare, don a wurinsa mutumin da ba shi da agogo bai gama sa tufafi ba. Shi kansa uku yake yawo da su: ɗaya a dama, ɗaya a hagu, na ukun a aljihun ƙirji, a naɗe cikin tsumma kamar laya.

Taubashina ne, ɗan goggota, saboda haka ni kaɗai nake da lasin tsokanarsa a bainar jama'a, kuma Allah Ya sani ban bar lasin nan ya mutu ba. Wata rana a tashar Kankara, inda yake da ɗan teburinsa na batir da kalanzir, na ce masa, "Malam, mutum ɗaya agogo uku? Ko rana uku ke hitowa a gidanka?"

Bai ko ɗago kai ba. "Sada, direban banza. Agogo ɗaya maƙaryaci ne da bai da mai ƙaryata shi. Biyu gardama ce. Uku ita ce shari'a."

Abin da ya tuno mini da shi kwanan nan, 'yata Binta ce. Aikin kwamfuta take yi a wani ofis a Katsina. Ta zo hutu, amma hutun 'yan zamani, tana zaune a tsakar gida da kwamfuta a cinya. Na ce me ake dannawa haka ba ji ba gani? Ta ce agogunan kwamfutocin ofishinsu ne suka rarrabu, wannan ta ce kaza, waccan ta ce kaza, har aiki ya fara rikicewa. Shi ne take rubuta wa kowace adireshin wasu manyan injina da za ta riƙa tambayar lokaci ta intanet. Na ce inji ɗaya? Ta ce a'a, uku ko huɗu, in ɗaya ya saɓa wa saura a watsar da maganarsa. Kuma in kwamfuta ta ga ta ɗan yi baya, ba tsalle take yi ba, a hankali take jan agogonta har ya kamo. Na yi dariya har da tari. Na ce, "Binta, wannan ilimin da aka biya maki makaranta a kansa, kawunki Rabe ya gama shi a kan tebur mai ƙafa uku, tun uwarki ba ta yi wayo ba."

Zamanin kuɗin mai ne. Aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, kuɗi suka gangaro ƙauye, kowa ya waye gari da agogo da rediyo. Manomi na huɗa da agogo. Makiyayi na bin shanu da agogo, wani ma ya tsaya cik tun ran da aka saye shi, amma ai yana ƙyalli. Sai dai agogunan lokacin na wani ne, kullum sai an murɗa, kuma kowanne da halinsa: wani gudu, wani nawa. In mutum biyar suka zauna a rumfar mai shayi, ƙarfe biyar daban-daban za ka ji, kowa na rantsuwa da nasa. Nan fa Malam Rabe ya ga gari ya lalace, ya naɗa kansa sarautar da ba wanda ya ba shi.

Ga yadda yake yi. Kullum da safe zai ɗauko rediyonsa, ya sa mata batiran da suka wuni jiya a rana suna shan zafi, ya jira ƙarar nan ta fit-fit-fit da ake yi kafin labarai. Tana yi zai daidaita agogunansa, ya kashe rediyo, ya zare batir. Labaran kuwa ko kalma ɗaya ba ya ji. Mutumin da ke sayar da batir fa! Na ce masa, "Malam, ka bari mu ji abin da duniya ke ciki mana."

"Duniya tana ciki inda ka baro ta jiya. Batir ba sadaka ba ne."

Har juyin mulki aka yi bai sani ba. Gari ya ɗauka, kowa ya manna kunne a rediyo, shi yana auna kalanzir. Na zo da gudu na ce, "Malam, sojoji sun kihe gwamnati!"

"Ƙarhe nawa aka yi?"

"Da sahe, an ce."

"Da sahe ba lokaci ba ne. In ka samu cikakken labari ka dawo."

Bayan ya karɓi lokaci daga rediyo sai a yi layi a teburinsa: malaman makaranta, ɗan sanda, mahauta, masu awo, kowa ya miƙa hannu a gyara masa. Ni kuma ni ne wayarsa. Ina da 'yar akori-kura ina jigila daga Kankara zuwa Faskari, ran kasuwa in zarce Sabuwa. Sai ya daidaita mini nawa, mai shayin tashar Faskari ya ɗauka a hannuna, malamin asibitin Sabuwa ya ɗauka a hannuna, mutanen garuruwan su ɗauka a hannunsu. In na dawo da yamma ya sake kama hannuna ya ga abin da gargadar hanya ta ci. Kuma yana da doka: lokaci sai an san a wurin wa aka karɓo shi. "Wa ya ba ka? Shi kuma wa ya ba shi?" Na rediyo shi ne ingantacce, nasa mai bi masa, nawa da dama-dama. Na Sabuwa kuwa, da ya bi hannu uku, cewa yake yi, "Wancan a yi sallah da shi dai, amma kada a yi rantsuwa."

Sau ɗaya na yi kuskure. Na ɗauki wani fasinja ɗan gayu daga Legas, da wando mai faɗin ƙafa, na ga agogonsa ya fi nawa tsada, na daidaita da shi. Na dawo, Malam ya duba, ya sake dubawa.

"Wanga ba nawa ba ne. Ina ka samo shi?"

"Wani bawan Allah ne daga Ikko."

"Ka san uban agogonshi?"

Sai da kasuwa ta ci ta sake ci kafin ya amsa sallamata. Da ya tashi gyarawa ma bai gyara gaba ɗaya ba, kullum ya ɗan taɓa. "Agogo lallashi shike so," in ji shi. "Ka hizge shi lokaci ɗaya, ka rikita mai shi da duk wanda ya yi alkawari da shi."

Mutum ɗaya ne ya ƙi shiga layi: Alhaji Nalado ɗan kwangila, wanda ya samu aikin kwalbatoci ya yi ƙiba a damina ɗaya. Ya dawo daga aikin hajji da agogon zinare, kuma ya rantse ba mai taɓa shi, don a lokacin Makka aka saita shi. In ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya duba, ya lumshe ido, ya cire awa biyu da yatsu, sannan ya ba ka amsa. Malam Rabe ya roƙe shi har ya gaji.

"Alhaji, kawo in sa maka na garinmu."

"Haba Malam Rabe! In cire lokacin ƙasa mai tsarki in sa na Kankara?"

"To ai shi ke nan. Ka riƙa sallar azahar da hantsi, ka sha ruwa da la'asar. Allah Ya karɓa."

To, a kan Alhajin nan ne abin ya faru. Ya sayo wa masallacin tasha ƙaton agogon bango mai lilo, aka kafa shi kusa da mumbari, aka rubuta lokutan sallah a allo. Sadaka ce mai kyau, ba wanda ya ce a'a. Amma tun ran da agogon nan ya hau bango, asirin Baba Ladan ya tonu.

Kun tuna Baba Ladan. Tun kafin a haife ni yake kiran sallah a masallacin nan, da inuwar bango yake aiki. Ba shi da ɗa a raye, ba shi da gona ta kirki. Kiran sallar nan shi ne dalilin da yake fitowa daga ɗaki, kuma albarkacinsa ne kwanon tuwo ke zuwa masa daga gidajen unguwa. Ga tsufa ya kama gwiwa, gidansa kuma can ƙarshen gari. Da, in ya makara ba wanda ya sani, don ba abin aunawa. Yanzu kuwa jama'a na zaune, agogo na lilo, allo ya ce ƙarfe biyu, Baba Ladan yana can hanya yana dogara sanda. Samari masu sabon agogo sai su riƙa ɗaga hannun riga suna dubawa, yadda kowa zai gani. Alhaji Nalado ya fara magana, da ma yana da wani ƙanen matarsa mai zaƙin murya da ke zaman banza.

"Ba ƙin shi nike ba," in ji shi, "amma zamani ya canza. In tsoho ya gaza, a hutar da shi. Mu ga kamun ludayinshi zuwa kaka."

Na zaci Malam Rabe ne zai fara goyon baya. Mutumin da ya ƙaurace mini a kan 'yan mintoci? Mutumin da ya taɓa tashi daga ɗaurin aure don an ce ƙarfe goma an kai goma da rabi? Kuma a hannunsa aka damƙa makullin agogon masallacin. Na ce a raina, Baba Ladan ya gamu da alƙalin da ba ya karɓar roƙo. 

Sai wani abin mamaki ya fara faruwa. Baba Ladan ya soma gyaruwa. Makarar ta ragu, ta sake raguwa. Kafin gero ya fitar da kai, tsohon nan na sa ƙafa a masallaci, agogon bango na buga biyu. Samari su ɗaga hannun riga, su ga daidai, su sauke a kunyace. Har aka fara cewa wani magani ya samu na gwiwa, tsofaffin gari suna zuwa tambayarsa ina ake sayarwa.

Sai dai rediyo ta ɗauki wani sabon hali: labarai su fara tun lokaci bai yi ba. Aka kai ƙara wurin Malam.

"Mutanen birni ne," ya ce. "Kuɗin mai sun ruɗe su, komi gaggawa. Ku bar su, za su gaji."

Wallahi aka yarda! Har Faskari na ji mai shayi na gaya wa mutane rediyo ta lalace da zumuɗi.

Alhaji Nalado ne kaɗai ya ƙi natsuwa. Ya duba zinarensa, ya cire awa biyu, ya ga ragowa. Ya sake cirewa, ya ga ragowa. Ya zo tebur yana huci.

"Malam Rabe, nawa ya ce biyu ta wuce da kwata."

"Bari mu kira shaidu." Ya nuna na dama, ya nuna na hagu. Ya kira ɗan sanda, ya kira mahauci, ya kira ni. Kowa biyu daidai. "Alhaji, ga gari guda, ga ka kai kaɗai. Daga Makka zuwa nan tahiya ce mai nisa, ƙila zahin jirgi ya taɓa shi."

Sau biyu Alhaji yana kai agogon nan Kano gyara. Sau biyu mai gyara na ce masa lafiyarsa ƙalau, yana dawowa yana zagin masu gyaran Kano.

Ni kuwa jirgin ƙasa ne ya buɗe mini ido. Wasu fatake suka yi shatar motata zuwa Funtua da buhunan barkono, za su hau jirgi. Jirgin nan tunda aka shimfiɗa dogo bai taɓa zuwa kan lokaci ba, sai ran nan ya ga dama. Muna shiga tasha muna hango bayansa. Na duba hannuna, da saura. Na ɗaga kai na duba agogon tasha, ya wuce nawa da kwata cur. Na tambayi mai tikiti, na tambayi wani soja, na tambayi mai sayar da rake. Shaidu uku, kamar yadda aka koya mini, duk bakinsu ɗaya. Zagin da na sha a wurin fataken nan, ko taubashi bai taɓa yi mini irinsa ba.

Na kwana da abin a ciki. Washegari da rana na tsaya a gaban teburinsa, na kwance agogona na dangwarar.

"Malam, ka tsufa ko ka haukace? Lokacinka ya ruɓe! Gari uku na bin bayan duniya da kwata!"

Ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya ce, "Rage murya, ba a mota kake ba." Sai ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da tsumman nan ya warware. Na leƙa. Na ukun yana tafiya daidai da na tashar Funtua.

"Wanga shi ne na gaskiya," ya ce. "Waɗanga biyu na Baba Ladan ne."

Na buɗe baki, ya nuna mini hanya da haɓa. Can ga tsoho ya taho, sanda gaba, ƙafa baya. Ya iso gindin dalbejiya ya tsaya, ya dafa ta, yana maida numfashi. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi masallaci, ya sake ɗaukar hanya. Ban taɓa tsayawa na kalli tafiyar nan ba sai ran nan, kuma na ji kunya ta kama ni, ni da nake wuce shi da mota ina danna masa oda.

"In ka iya ƙara mashi gudu, ni kau sai in ƙara wa agogo," in ji Malam. "Kaɗan-kaɗan na ja, duk ran kasuwa. Sallah ba ta hita lokacinta ba, na auna. Mi aka rasa?"

"An rasa jirgi!"

"Jirgi na dawowa. In an tsige tsohon nan, ɗaki zai shiga, kuma ba zai hito ba sai a makara."

"In aka gane hwa? Sunanka ya ƙare a garin nan. Ba mai sake miƙo maka hannu."

"Na sani." Ya naɗe agogon ya maida aljihu. "Kuma kai tun farkon damina kake kai ƙaryar nan Faskari da Sabuwa a motarka. In an kama ɓarawo, ai da jakinshi ake kamawa."

Kun ji mugun mutum! Na ce to azumi fa, in ya zo? Sahur ba ya son wasa. Nan ne na ga fuskarsa ta canza. Ya ce abin da ke hana shi sukuni ke nan, don ba zai ɗauki azumin gari uku a wuyansa ba, dole ya maido kafin wata ya tsaya. Ya ce, "Allah dai Ya kawo mahita." Na ɗauki agogona na ɗaura. Daga ran nan in zan je Funtua sai in ce wa fasinja hanya ta lalace, mu tashi da wuri. Baba Ladan kuma na riƙa ɗauko shi in ina gari, amma sau da yawa ina hanya.

Mafitar ta zo a watan Sha'aban. Baba Ladan ya kira la'asar, ya zauna ya jingina da bango yana lazimi, bai tashi ba. Ya rasu yana ladan, ba wanda ya hutar da shi sai Mai hutarwa.

Da aka dawo daga maƙabarta, jama'a na zaune a ƙofar masallaci, Malam Rabe ya miƙe. Ya fito da na ukun ya ɗaga sama, karo na farko da mutane da yawa suka gan shi tsirara ba tsumma.

"Jama'a, kowa ya kwance agogonshi ya tura gaba da kwata. Yanzu, gaba ɗaya. Aro na yi maku ba da saninku ba, wanda aka ara dominshi ya tahi. Wanda zai yahe ya yahe, wanda ba zai sake zuwa teburina ba, gaskiyarshi ce."

Mutumin da ya ce ba a fizgar agogo, ran nan kaɗai na ga ya fizga. Ko'ina sai ƙus-ƙus na murɗa agogo. Sai Alhaji Nalado ya zabura.

"Malam Rabe! Sau biyu ina zuwa Kano!"

"Ai ka ga gari, Alhaji."

Aka fashe da dariya a wurin zaman makoki, har liman sai da ya rufe baki da rawani, wasu na dariya suna share ido.

Ba zan ce kowa ya yafe ba. Ɗan sanda ya daina zuwa, wani malamin makaranta ya koma bin rediyo, kuma Malam bai taɓa cewa sun yi laifi ba. Mai shayin Faskari shi kuma ya ƙi turawa sam, ya ce tsohon lokacin ya fi albarka, har ya mutu shayinsa a baya yake da kwata. Washegari da safe ina tsaye a tebur, layi ya ɗan rage, Malam yana ta goge kwalbar kalanzir da ba ta da datti. Sai ga Alhaji Nalado. Ya tsaya a bayan mahauci kamar kowa, har layi ya zo kansa. Ya naɗe hannun babbar riga ya miƙa zinaren.

"Cire mani Makka," ya ce. "Sa mani Kankara."

Malam ya kama hannun ya juya, ya duba, ya ja tsaki. Amma sai da ya yi sau biyu kafin ya kama kan agogon.

Na ba Binta wannan labari, na tambaye ta ko injinan nasu za su iya jira wa tsoho. Ta ce, "Baba, wanda duk ya yi haka, sauran za su gane, a cire shi daga cikin waɗanda ake tambaya." Na ce to madalla, Allah Ya sa albarka a aikinku, amma na gode da ba a hannunku Baba Ladan ya tsufa ba.

Da Malam ya rasu, 'ya'yansa suka ɗauki na dama da na hagu, suka kawo mini na ukun da tsummansa. Kullum da safe ina murɗa shi, kuma har yau in na ɗaga shi sai in ji kamar za a ja mini tsaki. Ina kewar bawan Allah nan, da rowarsa da taurin kansa duka.

Ya Allah, ga bawanKa Rabe nan ya zo maKa. Ya jira wa mai rauni, ya rufa masa asiri da abin da ya fi so a duniya. Ka rufa masa nasa, Ka sassauta masa hisabi, Ka haɗa shi da Baba Ladan a inda ba a makara. Amin.